Sanyi ya shigo Yamai, ya kuke yi da motsa jiki?

Ɗan Yantala:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da damuwa da nake so mu tattauna, don na san ba ni kaɗai ba ne. Tun ƙarshen damina likita ya ce jinina ya fara hawa, ya ce in rage gishiri in riƙa tafiya da sauri. Na kama abin da gaske. Bayan asuba sai in ɗaura takalmi in gangara bakin gulbi in dawo, har na fara jin ba na haki in na hau matakalar buro. Amma tun da Disamba ta shigo abin ya gagara. Ana sallame asuba gari duhu ne, iska tana yankan kunne, in na dawo daga masallaci bargo kawai nake nema. Abin yana damuna ƙwarai, domin hawan jini ne ya kwantar da mahaifinmu, kuma na ga yadda shanyewar ɓarin jiki take jigata gida gaba ɗaya. Ku da kuke fita duk shekara, me yake fitar da ku a irin wannan lokaci? Amfanin abin na san shi. Dabarar tashi nake nema.

Ɗalibin Harobanda:
Wa alaikumus salam Yaya. Da girmamawa, sanyin nan namu bai kai na hana mutum fita ba. A Janairu ma'aunin zafi a Yamai wajen digiri 15 ko 16 yake sauka da asuba, kuma masu tseren dogon zango irin wannan yanayi suke so, har ƙasa da haka. A Turai cikin ƙanƙara mutane suke gudu. In ba mu fita yanzu ba sai yaushe? Sai Afrilu, da rana take haura 40, dare ma mutum yana kwance yana zufa? Watanni ukun nan su ne rabonmu a shekara. Mu nan jami'a da sassafe muke fita, wasu ma har su ƙetare gadar Kennedy su dawo kafin darasi.

Uwar Biyu:
Ƙanena, wanda ke gudu cikin ƙanƙara in ya dawo ɗaki mai ɗumi yake shiga, ya murɗa famfo ruwan zafi ya zubo masa. Mu gidajenmu don zafi aka gina su. Siminti ne da kwano da tagar ƙarfe wadda iska ke kutsowa ta ƙasanta duk dare. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba: ba gudun ne ke tsorata mutane ba, wankan da ke bayansa ne. Ka dawo jiƙe da gumi, makewayi a waje yake ba rufi, ruwan bokiti ya kwana yana shan iska. In ka ce a dafa ruwa, gas ne ko gawayi, ga yara uku ko huɗu masu zuwa lakwal su ma suna jiran nasu, tukunya ɗaya, bakwai da rabi tana matsowa. Maigidana da wannan lissafin ya bar fita, ba da lalaci ba.

Ɗalibin Harobanda:
Gaskiya ne Anti, wannan nauyin mu bai hau kanmu ba tukuna. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ɓata watannin nan asara ce.

Mushen Wasanni:
Ku biyun duk kun faɗi gaskiya, kuma amsar tana tsakaninku. Malam Ɗan Yantala, ina ga ka ɗaure motsa jikinka da awa ɗaya tak, wato bayan asuba, da awar ta lalace sai komai ya tsaya. Duhun da kake gani ba idonka ba ne. Yamai tana can yammacin ƙasar, amma agogonmu ɗaya da Diffa, wadda rana ke riga mu fitowa da kusan minti arba'in. A Janairu sai bakwai ta wuce da kusan kwata kafin rana ta leƙo mana. Mai shiga aiki ƙarfe takwas ba shi da wani haske da zai yi tafiya a ciki, ga ramuka, ga karnuka, ga masu mashin da ba fitila.

To ka sauya lokaci. Daga tashi aiki zuwa magariba akwai kusan awa guda ta haske, jiki ya riga ya yi ɗumi, gaɓoɓi sun saki. Ka zuba takalmi da riga a jaka ka tafi da su buro, kada ka biya gida, don wanda ya biya gida ya zauna aka miƙo masa shayi ya gama. Ka je filin wasa na Seyni Kountché da yamma ka gani: tsofaffi, mata da hijabi, sojoji, ƴan taekwondo ƙanana waɗanda suka yawaita tun da ɗan taekwondonmu Alfaga ya kawo lambar azurfa daga gasar Olympics ta Rio a 2016. Ganin mutane kaɗai yana jan ƙafa.

Maganar wanka kuma tana warwarewa da yamma. Ku cika jarka baƙa ko mai duhu, ku ajiye ta a rana tun safe. Ko a Janairu rana tana haura 30 da azahar. Zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumi ba tare da an ƙona gawayi ko ɗaya ba. A lulluɓe ta da tsohon bargo ko buhu in rana ta yi sanyi, za ta riƙe ɗuminta har magariba.

Kuma ba abu mai yawa ake nema ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Rabin awa sau biyar ke nan ka cika mafi ƙarancin abin da ake nema.

Mai Kabu-kabu:
Mushe, yamma fa? Ni da nake kan hanya tun safe har dare zan gaya maka, daga biyar da rabi zuwa bayan magariba babu lokacin da ya kai shi ƙura a garin nan. Kowa ya taso aiki, motoci suna sauka daga gudron suna shiga laterit, ka kunna fitila ka ga ƙura tana yawo a cikin hasken. In na koma gida na wanke rawanina ruwan ja yake fitowa. A ce mutum ya buɗe baki yana gudu a cikin wannan? Ni ban yarda ba. Da asuba kafin motoci su fito ta fi tsabta.

Ma'aikaciyar Jinya:
Bari in shigo nan, don wannan lokaci ne da muke cika da masu tari da masu asma. Ƙura iri biyu ce, kada mu haɗa su.

Akwai ta sama, hazon hunturu. Wannan daga nesa take. Kaso mai yawa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi iskar arewa maso gabas take kwaso ta, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushin gari. Manyan ƙwayoyinta hanci yana tare su, shi ya sa ake fyace majina ja. Ƙananan kuwa har can cikin huhu suke wucewa. Mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin ta wanda ke zaune, kuma da baki yake shaƙa, hanci bai samu ya tace ba. Ranar da ka tashi ka ga rana fara fat har kana iya kallonta ido da ido, ko ka tsaya bakin gulbi ba ka hango ƙetare sosai, ranar ba ta gudu a waje ba ce, safe ko yamma. A yi a ɗaki.

Sai ta ƙasa, wadda mu muke tayarwa. Malam mai kabu-kabu ya yi gaskiya a kan yamma, amma bakin hanya yake magana. Asuba ma ba ta kuɓuta ba. Da dare ƙasa takan huce, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa-ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama, sai hayaƙin itace da na bolar da aka ƙone da na masu jin ɗumi a bakin titi ya kasa tashi, ya kwana daidai hancin mutum. Sai rana ta ɗaga take warwatsa shi. Don haka wurin ya fi lokacin muhimmanci. A nisanci babban titi, a shiga fili, ko cikin lungunan da mota ba ta yawa, ko wajen lambuna. Asabar da Lahadi kuwa, wajen tara zuwa goma na safe shi ne mafi daɗi.

Malam Ɗan Yantala, kai musamman: sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, awo yakan ɗan ƙaru a wannan lokaci. Wannan dalili ne na ci gaba da motsi, amma kuma dalili ne na kada a zabura daga shimfiɗa a kama gudu. Ka fara a hankali minti goma. Ka riƙa biyawa farmasi a auna ka. In ka ga 14 bisa 9 (wato 140 bisa 90) ko fiye yana maimaituwa, ka koma wajen likitanka. In ya kai 18 bisa 11, ranar ba motsa jiki, asibiti za ka. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi da ya ƙi dawowa, a tsaya nan take. Masu asma kada su fita ba maganin shaƙarsu a aljihu.

Ɗan Yantala:
Na gode Malama, Allah ya saka da alheri. Maganar awo na ɗauka. Amma ga gaskiyar zuciyata: ko da na san lokaci da wuri, in yamma ta yi sai in ji gajiya, in ce gobe. Ita wannan goben nake so a taya ni kashewa.

Tsohon Ɗan Kokowa:
Ɗana, ni daga Tawa nike maka magana, kuma ɗarinmu na Adar ya hi naku cizo. Ka saurara.

Kokowa wasan ɗari ta. Sai an yi girbi, hatsi ya shiga rumbu, samari sun ƙoshi, sannan ake share hili a buga ganga. Takobin ƙasa, wato babbar gasar kokowa ta ƙasa, nan Tawa anka fara shi a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka, kuma har yau mafi yawa a ƙarshen shekara ake yinai, tsakiyar muku-muku. To duk wanda ka gani cikin hili da gaba tsirara yana jiran abokin karawa, da sahe cikin wanga sanyi ya gina jikin nan.

Kana tsammani mu ba mu jin ɗari? Muna ji ƙwarai. Ban taɓa tashi da asuba ina marmarin hita ba. Abin da ke hidda ni, akwai mutum tsaye bakin ƙofa. Abokin gwajina ya baro gidansu cikin duhu, ya ratsa gari, ya zo ya yi sallama, tsohuwata ta amsa mai. Da wane ido za ni aika a ce ina kwance? Gobe kuma ni ke zuwa gidansu. Niyya ita kaɗai ba ta kai mutum ko'ina cikin ɗari, don da dare ake ƙulla ta, da asuba ta kwance. Kunyar idon mutum ita ke riƙo. Ka nemi mutum guda, ba taro ba. Taro in ba ka zo ba babu mai lura. Mutum guda in ba ka zo ba ka bar shi tsaye cikin iska.

Sannan kada ka hita ka kama gudu. Jiki cikin ɗari awa fatar ganga yake, makaɗi sai ya kara ta ga wuta ta yi ɗumi kahin ta ba da amo, in ya buga ta da sanyi ba ta ba shi komi. Mu kan fara da tahiya, a juya wuya, a juya kugu, a durƙusa a miƙe, sai gumi ya tsattsafo ga goshi sannan a shiga rairayi. Wanda ya tsallake wannan shi ke dawowa da targaɗe. A shafe jiki da man kaɗe, ƙafa musamman, don faso in ya tsage dunduniya ya hana ka taka ƙasa mako guda. Kaɗan a cikin hanci ma yana rage haɓo. In an gama a cire rigar da ta jiƙe nan take a sa busassa, kahin a tsaya gaisawa da kowa. Hura ta biyo baya.

Yau ƙarhin kokowa ya wuce, amma ni da wani tsoho ɗan uwana har yanzu muna zagaya bayan gari kullum. In bai gan ni ba sai ya aiko jikanai.

Ɗan Yantala:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan magana ta shige ni.

Ɗan Fada:
Baba ya gama magana. Mu a fadarmu a Talaje abin da muka yi kusan haka ne, sai dai mun sa kuɗi a ciki. Da, daga la'asar shayi ne har dare, kowa ya naɗe cikin jaket. Sai muka ce ba a ɗora buta sai an buga balo ko an zaga fili. Wanda bai zo ba, kuma ba ciwo ba tafiya, ya ajiye dala ashirin a gwangwani. Kuɗin da su muke sayen sukari da ganyen shayi, har sabuwar ƙwallo muka saya. Abin da na lura, ba kuɗin ke ciwo ba, ƙarar faɗawarsu cikin gwangwani a gaban kowa ita ce. Mutum ya gwammace ya zo ko da ɗingishi.

Malamin Islamiyya:
Madalla da samarin da suka tashi daga tabarma. Amma ina da shawara a kan tarar nan. A cikinku akwai wanda dala ashirin ba komai ba ce a wurinsa, akwai wanda ita ce karin kumallonsa. Shi na biyun in ya faɗi sau biyu ba zai sake zuwa ba, kunya za ta kore shi maimakon ta jawo shi. Ku mai da ita ta ganin dama, ko wanda ya makara shi ya wanke kofuna ya hura gawayi.

Ga Malam Ɗan Yantala kuma, kai da ka saba da asuba, kada ka yar da ita gaba ɗaya. Ka riga ka yi mai wuyar, ka tashi, ka taɓa ruwa, ka fito. Inda abin ke karyewa shi ne komawa ɗaki. Ka tafi masallaci da takalmin tafiyarka a ƙafa, ka sa shi a leda ka shiga da shi. Ka zaɓi masallacin da ya ɗan yi nisa, in an idar ka yi azkar ɗinka kana tafe, ka dawo ta doguwar hanya. Minti goma sha biyar ma wani abu ne. Ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Ɗan Fada:
Na ji Malam, kuma akwai mutum biyu da suka janye da ban yi tunanin dalilinsu ba sai yanzu. Zan kai maganar fada yau. Amma a cire tara gaba ɗaya, ina tsoron mu koma gidan jiya.

Hajiyar Bukoki:
Tun ɗazu ina karantawa, duk maganar maza ce. Fili, masallaci, fada. Mu fa? Mace mai shekara hamsin ta fito ita kaɗai da takalmin gudu a unguwa, kafin ta kai kwana an tambaye ta sau uku ko lafiya, wani ya tsaya da mashin zai rage mata hanya. Wata ƙawata maƙwabta har gida suka bi ta, suna tsammanin faɗa suka yi da maigida. Kuma mu ne ciwon suga da ciwon gwiwa suka fi kamawa bayan haihuwa ta ƙare.

Abin da ya fisshe mu shi ne foyandi, wato zaman da mata ke yi a tsakaninsu. Dama muna haɗuwa mu ci mu sha mu zuba adashe. Sai ɗaya daga cikinmu da aka gano tana da suga ta ce ita an ce ta yi tafiya, kuma ba ta iyawa ita kaɗai. Muka ce to mu raka ta. Yanzu in yara sun tafi lakwal, an gama shara, wajen tara, sai mu haɗu mu biyar ko shida. Mace ɗaya abin kallo ce, mata shida kuwa kowa ya ɗauka barka ko gaisuwa za su. Hijabinmu a jikinmu, wando a ƙarƙashin zane, takalmi daga wajen ƴan bosho, masu sayar da gwanjo. Mukan ajiye wurin zuwa, ba zagaye kawai ba: yau kasuwa a ƙafa, gobe dubiya, jibi gidan wadda ta haihu. Ranar hazo mai yawa sai mu shiga gidan da ya fi faɗin tsakar gida, a yayyafa ruwa, a rufe ƙofa, a sa kiɗa a waya, a yi rawa har a jiƙe. Wallahi ranar ma an fi cika.

Ina roƙon maza da ke nan, in matarka ta ce za ta fita tafiya kada ka yi mata dariya. Dariyar miji ta fi sanyin Janairu hana mace fita.

Uwar Biyu:
Hajiya Allah ya biya ki. Amma ina da tambaya ga Mushe. Ni daga asuba ban zauna ba: shara, wanki da hannu, ɗaukar ruwa in famfo ya ɗauke, goyo, wani lokaci daka. Zuwa dare bayana kamar ya balle. A ce kuma wannan duk ba motsa jiki ba ne, sai na sa takalmi na fita?

Mushen Wasanni:
Motsa jiki ne Hajiya, babu mai raina shi. Ƙa'idojin 2020 ɗin nan ma sun ƙirga aikin gida, kuma sun cire tsohon sharaɗin cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a lissafa shi. Daka da ɗaukar ruwa aiki ne mai ƙarfi sosai. Ga yadda za ki gane: in aikin ya sa numfashinki ya ƙaru, kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, ya shiga lissafi. Matsalar ita ce yawancin aikin gida a sunkuye ake yinsa, yana gajiyar da baya ba tare da ya tayar da bugun zuciya ba. Gajiya daban, motsa zuciya daban. Ke abin da kike buƙata ba ƙarin wahala ba ne. Tafiya a miƙe da sauri, ko minti ashirin, da miƙe baya kafin kwanciya. Kuma ki sa wa tsintsiya dogon mariƙi, ki yayyafa ruwa kafin shara, don ƙurar tsakar gida da safe ita ma huhu take tafiya.

Mai Lambu:
Ni dai ina bakin gulbi wajen Gamkale, wannan lokaci ne na aikinmu. Ruwan da ya sauka can Gine sai yanzu yake iso mana, kogi ya cika, salati da kabeji da karas suna son sanyin nan. Kafin gari ya waye ina cikin ruwa da butocin ban ruwa biyu, in cika in hau in zuba in dawo. Ba na tambayar kaina ko ina so, don in ban zo ba shuka ta mutu. Shi ya sa na yarda da Hajiya a kan ajiye wurin zuwa. Ina da masu saye da yanzu a ƙafa suke zuwa daga cikin gari ranar Asabar, su sayi ganye su koma da shi a hannu. Nan ƙasa a jiƙe take, ƙura ba ta tashi. Duk mai so ya zo, hanya a buɗe take, a dai kula da kwalbatin ruwa.

Uwar Biyu:
Malama ma'aikaciyar jinya, ɗaya daga cikin tagwayena yana da sikila. Yana kuka yana son bin ɗan uwansa balo da yamma, ni kuma da na ga sanyi sai in hana. Ina yin daidai?

Ma'aikaciyar Jinya:
Tsoronki yana da tushe Hajiya. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, da gajiya mai tsanani duk suna iya tayar da ciwon. Hunturu kuma ya haɗa biyun farko: iska a bushe take ƙwarai, gumi yana bushewa kafin a gan shi, kuma sanyi yana rage jin ƙishi, sai yaro ya wuni bai nemi ruwa ba. Amma kulle shi a ɗaki ma yana da nasa ciwon, a jiki da a zuciya. Yawancin masu sikila suna iya wasa mai sauƙi in an kiyaye. Ya fita lokacin da rana ke da ɗumi, ya sha ruwa kafin ya fara da tsakiya da bayan an gama, ya huta da zarar ya gaji ba sai an tashi ba, ya dawo gida kafin iskar magariba, a sauya masa riga, wanka da ruwan ɗumi. Babban yaro ko mai horar da su ya san halinsa. Akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila a nan Yamai, ki kai maganar wajen likitan da ke bin sa, shi ya san ƙarfin jininsa, shi zai ce ga iyaka.

Maganar ruwa ta shafi kowa. Ku duba fitsarinku, in ya yi duhu ba ku sha isasshe ba.

Ɗalibin Harobanda:
Wani abu da ba mu taɓo ba: azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya baro zafi yana shigowa ƙarshen sanyi. In mutum bai kafa al'adar yanzu ba, azumi zai zo ya ce sai bayan salla, bayan salla kuma zafi ya sauka, sai damina. Shekara ta tafi ke nan.

Mushen Wasanni:
Haka ne. A azumi sai a rage, ba a daina ba. Tafiya marar tsanani rabin awa kafin shan ruwa, ko bayan asham in ciki ya sauka. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya fara tambayar likitansa, don lokutan magani suna sauyawa.

Ɗan Yantala:
Jama'a na gode ƙwarai. Ga abin da na tsayar. Na kira wani maƙwabcina da muke aiki kusa, shi ma an ce ya rage ƙiba. Litinin, Laraba da Alhamis daga buro sai filin Seyni Kountché, ni zan ɗauke shi, don in ban je ba ya rasa abin hawa. Asabar da hantsi za mu gangara wajen Malam mai lambu a ƙafa. Jarka na sa yara sun cika tun ɗazu. Ranar hazo kuma Mushe, ka taimaka mana da abin da za a yi a ɗaki.

Mai Kabu-kabu:
Ni ma a sa da ni a wannan, Mushe. Har yanzu ban yarda da yamma ba, amma bayana da wuyana suna damuna, kuma ba ni da awar zuwa fili. Me zan yi a tasha kafin fasinja ya zo?

Mushen Wasanni:
Amsa ɗaya ta ishe ku. A ɗaki: tafiya a tsaye wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa minti biyar, sai a zauna kan kujera a miƙe ba tare da dafa hannu ba sau goma zuwa sha biyar, sai a dafa bango a tura jiki sau goma, sai a hau dakali ko matakala ɗaya a sauka minti biyu. A huta kaɗan a maimaita sau uku. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri, ya riƙa fitar da iska lokacin da yake turawa.

Kai kuma Malam, duk awa ɗaya ka sauka daga kan mashin. Ka dafa kugu da hannu biyu ka lanƙwasa baya a hankali, ka juya kafaɗu baya sau goma, ka dafa sirdi ka durƙusa ka miƙe. In ciwon yana sauka har ƙafa ko ƙafar tana yin sanyi tana mutuwa, wannan ba na tasha ba ne, ka je a duba ka.